Karaye da Rogo da Sha'anin Baƙin Gida

Wanda ya fita birnin Kano ta Ƙofar Kabuga, ya kama hanyar Gwarzo, sa'an nan ya ratse kudu, zai faɗa cikin wata ƙasa mai jar ƙasa da fadamu da itatuwan ɗorawa. Ƙasar Karaye ke nan. In ya ƙara nausawa gaba kaɗan sai ya shiga ƙasar Rogo, wadda ta yi iyaka da Jihar Katsina da Jihar Kaduna. Daga birni zuwa can tafiyar safiya ɗaya ce a mota. Amma duk da kusancin nan, akwai Kanawa da yawa waɗanda suka je Makka, suka je Ikko, waɗansu har Dubai don fatauci, ba su taɓa taka Karaye ba, ba su kuma san abin da ke can ba.

Abin da ake kira yawon buɗe ido a yau, watau mutum ya bar garinsu ya tafi wani wuri don kallo da hutawa da ƙaruwar sani, yawancin mutane sun ɗauke shi aikin Turawa ne da masu kuɗi. Ba haka ba ne. Bahaushe ya daɗe yana tafiya don kallo. Yakan tafi kallon hawan salla, da kallon dambe da kokawa bayan kaka, da su, da ziyarar kaburburan waliyyai da malamai, da cin kasuwar wani gari ko da ba shi da abin sayarwa. Sunan ne sabo. To, tambayar da ta shafi Karaye da Rogo ita ce, me zai sa mutumin Kano ko Zariya ko Funtuwa ya ɗauki iyalinsa ya nufo su, kuma me ya hana shi har yanzu?

Abu na farko da Karaye ta mallaka shi ne tarihi, kuma ba ƙaramin tarihi ba ne. Littafin nan na tarihin sarakunan Kano, wanda Palmer ya fassara da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a Zariya cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya ambaci Karaye tun zamanin da Kano da Katsina ke ta gwabzawa. Dalili kuwa a fili yake. Karaye tana yamma, ta fuskar da rundunar Katsinawa ke ɓullowa, saboda haka ta zama garin bakin daga. Sarkin Kano Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618, ya ci Katsinawa da yaƙi, ya kwashe musu dawaki, ya koma Karaye. A can ajali ya same shi. Ba kowane gari ne a ƙasar Kano zai ce wani Sarkin Kano ya rasu cikinsa ba.

A zamanin magajinsa, Muhammadu Nazaki, wanda ya yi daga 1618 zuwa 1623, aka yi wani babban bafade mai suna Wambai Giwa. Shi ne ya faɗaɗa ganuwar birni ta ɓangaren yamma, wajen Dukawuya da Kabuga da Kansakali, ya kashe dukiya mai yawa wajen ciyar da masu aikin. Da ya gama sai ya bar birni ya tare a Karaye, ya mai da ita sansani, yana kai wa Katsinawa hari yana komowa da ganima, har ya tara dawaki da barade masu lifidi waɗanda suka sa sunansa ya cika ƙasa. Ƙarfin nasa ya yi yawa har ya zama abin tsoro ga fada, don haka da Kutumbi ya hau gadon sarauta a 1623 bai bar shi kan muƙaminsa ba. Mai tafiya Karaye a yau, in ya bi ta Kabuga, yana fita ne ta gefen ganuwar da mutumin nan ya gina, yana kuma nufar garin da ya zauna. Direba da fasinja duka sukan wuce ba wanda ya san haka.

Bayan shekara wajen 180 ƙasar nan ta sake shiga tsakiyar labari. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, jama'arsa na ƙasar Kano su ma suka yi tasu hijirar, suka taru a Kwazazzabon 'Yar Kwando, yamma da birni. Cikin shugabanninsu akwai Malam Jamo na Sulluɓawa, da Malam Bakatsine na Joɓawa, da Dabon Dambazau. Daga nan suka fara yaƙi da rundunar Sarkin Kano Alwali, kuma Karaye tana cikin manyan garuruwan farko da suka faɗa hannunsu, tun kafin yaƙin Ɗan Yaya wanda ya karya ƙarfin Alwali wajen 1807. Bayan jihadi ma garin bai huta ba, gama Katsinawan da suka koma Maraɗi sun daɗe suna kawo hari yammacin Kano. Saboda wannan matsayi ne aka lissafa Sarkin Karaye cikin manyan sarakunan garuruwa na ƙasar Kano, irin su Sarkin Rano da Sarkin Gaya da Sarkin Dutse. Da Turawa suka ci Kano a 1903, suka tsara mulkin En'e, sai Karaye ta zama gunduma mai hakimi. Rogo ta daɗe cikin ƙasar Karaye kafin ta sami ƙaramar hukuma tata.

Tarihi irin wannan, a wata ƙasa, da shi kaɗai ake cika gari da baƙi. Sai dai tarihi ba kamar dutse ba ne da za a hango shi daga nesa. Gine-ginen ƙasar Hausa na ƙasa ne, in aka bar su damina goma ba yaɓe sai su zube. Ganuwar birnin Kano kanta, da dukan sunanta, an ga yadda ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu gini suka ci ta, balle ta ƙananan garuruwa. Abin da ya rage yana bakin tsofaffi ne, da maroƙan fada, da masu kirarin sarauta, da takardun da malamai ke ajiye cikin gafaka. Baƙo ba ya iya ganin waɗannan sai an nuna masa. In ba a rubuta ba, ba a kafa alama a inda ƙofa take da inda aka yi sansani ba, ba a koya wa waɗansu samari labarin don su riƙa zagayawa da baƙi ba, to, baƙon zai zo ya ga kasuwa da tasha da masallaci kamar na kowane gari, ya juya yana cewa ba kome.

Abu na biyu shi ne ruwa, kuma shi sabo ne. Kogin Challawa ya ratsa ƙasar nan ya nufi gabas, ya bi ta kudu da birnin Kano, ya haɗu da Kogin Kano, su biyu suka zama Kogin Haɗeja, wanda ruwansa ke tafiya har fadamun Nguru, ya nufi Tabkin Cadi. A 1992 aka gama gina babbar madatsa a kansa cikin ƙasar Karaye, kimanin kilomita 90 daga birni, watau mil 56. Tsayinta sama mita 42 ne, tsawonta kuwa ya kusa kilomita 8, kusan mil 5 ke nan. In ta cika takan riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon murabba'i mai zurfi. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Tun kafin wannan akwai wata ƙaramar madatsa a Kusalla, wadda ake ɗibar ruwan sha daga cikinta.

Ba don kallo aka gina madatsar Challawa ba. An gina ta ne don ruwan shan birni da noman rani. Ba kuwa kyauta aka same ta ba, gama ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, mutane suka tashi daga inda aka binne kakanninsu. Can ƙasa kuma, wajen Haɗeja da Nguru, ita da madatsar Tiga sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Duk da haka, ga mutumin da ya tashi cikin lungunan birni, bai taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufi ba, tsayawa a bakin wannan tabki wajen Turawa da hantsi abu ne da ba ya mantuwa. Ga ruwa iyakar ganin ido, ga masunta cikin kwalekwale suna jan taru, ga tarwaɗa da karfasa ana sayarwa tun suna motsi, ga mata suna suya da banda a gefe, ga kuma tsuntsayen ruwa. Gani ya kori ji.

To, a nan ne tarihin Jihar Kano ke da abin faɗi, domin an taɓa gwada mai da madatsa wurin shaƙatawa. Da aka kafa jihar a 1967, Gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo, wanda ya yi mulki har 1975, mutum ne mai son ruwa da noma da dabbobi. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda da ta Tiga, aka kafa otal a bakin tabkin Bagauda, aka kuma yi gidan dabbobi a birni, wanda ake kira Gidan Zu. A Tiga ma aka yi wani otal bisa dutse mai suna Rock Castle. An yi waɗannan otal-otal da kyau, da nufin manyan ma'aikata da Turawa da masu taro. Suka yi tashe na ɗan lokaci. Da kuɗin man fetur ya ja baya cikin shekarun 1980, baƙin waje suka ragu, gyara ya gagara. Madatsar Bagauda ta ɓalle a damanar 1988. Daga baya aka mai da ginin otal ɗin reshen makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa. Na Tiga shi ma ya yi shekaru ba ya samun baƙi kamar da.

Gidan Zu kuwa fa? Shi ba a yi shi don Bature ba. Kuɗin shigarsa kaɗan ne, kuma kowace salla yara da mata da magidanta sukan cika shi maƙil, waɗansu daga ƙauyuka masu nisa, da kwanon abincinsu a hannu. Cikin abubuwan nan da aka yi a zamani ɗaya, wanda aka yi don talaka shi ne mutane ba su daina zuwa ba. Wannan shi ne abin da ya kamata masu tunanin Karaye su riƙe. Baƙon waje yakan zo in duniya na kwance, da ya ji ƙyas sai ya ɗauke ƙafa. Baƙon gida kuwa yana nan kusa, ga shi da yawa, gama birnin Kano kaɗai mutanensa miliyoyi ne. Abin da yake nema ba shi da tsada. Yana son mota ta kai shi ta komo da shi kafin magariba, da inuwa, da wurin alwala da salla, da makewayi mai tsabta na maza daban na mata daban, da abinci mai araha, da wanda zai ba shi labarin wurin. Makarantun firamare da na sakandare da Islamiyyu, waɗanda ke fita da ɗalibai yawon ƙaro ilmi kowace shekara, su kaɗai sun isa su raya rumfuna da yawa a bakin ruwa.

Akwai kuma misalin Argungu a ƙasar Kabi. Su ɗin da Kabawa ke yi tun kaka da kakanni shi ne aka girmama a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hasan ya kai ziyara garin, ya zama biki na shekara shekara, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Ba wani ne ya zo daga waje ya ƙago musu ba, abinsu ne suka gyara. Masuntan Challawa ma suna da sarakunan ruwansu, da gwanayen ninƙaya da tuƙin jirgi. Amma Argungu ta koyar da wani darasi mai ɗaci, gama bikin ya tsaya wajen shekara 10, rashin tsaro na cikin dalilai, sai a 2020 aka sake yinsa. Biki komai sunansa ba ya tsayawa in mutane na tsoron hanya.

Wannan tsoro ya shafi yammacin Kano kai tsaye. 'Yan bindiga da masu satar mutane don karɓar fansa sun addabi yankuna da yawa na Katsina da Kaduna cikin shekarun nan, kuma Rogo a bakin iyaka take. Ko da gari na zaune lafiya, magidancin da ke birni ba ya bambance wannan ƙauye da wancan. In ya ji an ce yamma, sai ya ce wa iyalinsa a zauna gida. Maganin wannan ba a hannun mai sayar da kifi yake ba, a hannun hukuma yake.

Haɗarin ruwa kuwa yana hannun mutanen wurin da hukuma gaba ɗaya. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 wani jirgi ya kife a tabkin Watari da ke ƙasar Bagwai, mutane fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi. An ɗora wa jirgin fiye da abin da zai iya ɗauka. Duk wanda ke son ya ga ɗalibai na yawo cikin kwalekwale a Challawa, lalle ya fara da ƙayyade yawan waɗanda za su hau, da rigar da ke hana nutsewa, da hana tuƙi bayan faɗuwar rana. Haɗari ɗaya irin na Bagwai ya isa ya kore baƙi shekara da shekaru, ban da asarar rayuka wadda ba ta da madadi.

Rogo ba ta da babban suna a littattafan tarihi kamar Karaye. Arzikinta noma ne. Ruwan sama ya fi yawa a nan bisa arewacin jihar, ana noma masara da dawa da shinkafa da rake da kayan lambu, kuma tana maƙwabtaka da ƙasar Maƙarfi wadda ta yi suna wajen rake da mazarƙwaila. Garuruwanta irin su Zarewa da Beli da Fulatan da Gwangwan da Zoza 'yan kasuwar hatsi sun san su sarai. Ɗan birnin da bai taɓa ganin yadda ake matse rake a dafa ruwansa ba, ko yadda ake sussuka da shiƙa, zai sami abin kallo, ya kuma komo da buhu a farashin gona. Falke ya riga ya san hanya, saura mai iyali.

Saura sha'anin sarauta, wanda shi ne ya fi kowane abu jujjuyawa a shekarun baya. A da, in salla ta zo, hakimai sukan kwashi dawakinsu da mahayansu su tafi birni don hawan Sarkin Kano, sai kallon ya koma can. A watan Mayu na 2019 Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa hannu kan dokar da ta ƙirƙiro sababbin masarautu 4, watau Bichi da Rano da Gaya da Karaye, aka ba Alhaji Ibrahim Abubakar na Biyu sandar Sarkin Karaye mai daraja ta ɗaya, da ƙananan hukumomi da dama a ƙarƙashinsa. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta rushe su. A watan Yuli na shekarar kuma aka yi wata doka wadda ta mayar da Rano da Gaya da Karaye masarautu masu daraja ta biyu a ƙarƙashin Kano. Aka bar wa Karaye ƙananan hukumomi 2, Karaye da Rogo, aka naɗa Alhaji Muhammad Maharaz, wanda da shi ne Hakimin Rogo. Sauyi uku ke nan cikin shekara 5.

Ko wane ra'ayi mutum ke da shi game da wannan rigima, abu ɗaya a fili yake, mai kallo yana bukatar ya san rana. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, alhali a shekarar nan 'yan sanda sun hana hawan babbar salla a birni saboda rikicin sarauta. Hawan da ake yi bana a fasa baɗi ba ya tara baƙi, masu dawaki ma sukan gaji da sayen kayan doki su ajiye. Fadar da ke Karaye tana da tambura da 'yan bindiga da 'yan lifidi da maroƙa, tana kuma da abin da birni ba shi da shi, watau sarari da rashin cunkoso, ga tabki a kusa. In aka tsai da rana ɗaya sananniya cikin kwanakin salla, bayan an gama hawan birni, aka yi hawa da safe, da la'asar aka koma bakin ruwa don tseren jirage da kokawa, mutum zai iya fitowa daga Kano bayan asuba ya ga duka biyu, ya yi sallar isha'i a gidansa.

Aikin da ba ya jira shi ne na tsofaffi. Madatsa tana nan, ba inda za ta. Amma waɗanda suka san sunayen ƙofofin Karaye, da jerin sarakunanta, da inda ƙauyukan da ruwa ya cinye suke kafin 1992, kullum raguwa suke yi. Wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci, ya iya karatu da rubutu, ba ya bukatar izinin kowa kafin ya sayi littafin rubutu da alkalami, ya je ya gai da dattijon unguwarsu, ya zauna a zaure ya rubuta abin da ya ji, da sunan wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa. In ya gama ya kai kwafi ɗaya fadar Dagaci, ɗaya kuma makarantar garin.